Yaƙin Teku A Kan Tsaunin Jos: Wasa Ne Ko Karatu?

Duk wanda ya san garin Jos ya san babu abin da ya yi mana nisa kamar teku. Muna zaune ne a kan tsauni mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya daga doron teku, kuma ruwa mafi faɗi da yawancinmu muka taɓa gani da idonmu bai wuce madatsar ruwa ta Lamingo ba, ko kududdufan da masu haƙar kuza suka bar mana gado a wajajen Rayfield da Bukuru. Saboda haka idan na shaida wa mai karatu cewa ni da abokaina mun shafe shekaru muna gwabza yaƙin jiragen ruwa a cikin ɗakin kwanan ɗalibai, ba zan ga laifinsa ba in ya yi dariya. An sha yi mana ita. An ce da mu yara, an ce da mu 'yan caca, an kuma ce da mu abin da ya fi waɗannan zafi, wanda zan zo kansa nan gaba. Na ɗauki alƙalami ne domin in kare wannan wasa a gaban 'yan uwana ɗalibai, domin a ganina yana da gurbi a cikin karatunmu, har a cikin wannan sashe namu na Hausa.

Abin ya faro ne a lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas cur. Zaman banza ya ishe mu. Wani abokinmu mai karatun tarihi, Bayarabe haifaffen Jos, ya ga a intanet yadda Turawa ke jera 'yan ƙananan jiragen ruwa a kan tebur suna maimaita tsoffin yaƙoƙinsu da rula da ɗan ludo. Kuɗin sayen irin nasu jiragen ya fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba, sai muka yi da abin da ke hannu. Muka ɗora wani tsohon ƙyaure a kan benci biyu, muka shimfiɗa masa shuɗin zane ya zama ruwa. Kwalin ashana ya zama jirgin yaƙi mai tururi, guntun bututun biro ya zama igwa, tsinken tsintsiya ya zama shinge. Kwalekwale kuwa, ban taɓa ganin abin da ya yi kama da shi kamar ɓawon gyaɗa da aka raba biyu ba. Mukan ci gyaɗar tukuna, sannan mu tura ɓawon fagen fama.

Da farko abokin namu ya so mu yi yaƙin Trafalgar na 1805, tun da shi ne aka fi yi a can. Na ce masa a'a, me ya haɗa kifi da kaska? Muna da namu. Daga nan muka tsayar da shawara a kan harin da sojojin ruwan Ingila suka kai wa Ikko, wato Legas, a ƙarshen shekarar 1851.

Bari in ɗan tsakuro tarihin, domin na tabbata da yawa daga cikinmu ba a koya mana shi ba. Mu ne 'yan zamanin da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ba a kuma dawo da shi ba sai da muka riga muka wuce. A shekarar 1845 Kosoko ya ƙwace sarautar Ikko daga hannun baffansa Akitoye. A lokacin nan Ikko tana cikin manyan tashoshin da ake lodin bayi zuwa Barazil. Akitoye ya yi gudun hijira, daga baya ya nemi taimakon Ingila bisa alkawarin zai hana cinikin bayi idan aka mayar da shi kan karaga. Ƙaramin jakadan Ingila a wannan yanki, John Beecroft, ya je ya nemi Kosoko ya sa hannu a yarjejeniya, Kosoko ya ƙi. Ranar 25 ga Nuwamba, 1851, Turawa suka shigo tafkin da ya kewaye tsibirin da jirgi mai tururi mai suna Bloodhound da jerin ƙananan jirage. Bloodhound ya kafe a yashi, mayaƙan Kosoko suka yi musu ruwan harsashi, aka kashe musu hafsoshi biyu, suka juya ba shiri. Suka sake dawowa da shirin da ya fi na farko ranar 26 ga Disamba. Wannan karon jirginsu na biyu, Teazer, shi ne ya kafe a daidai bakin igwogin Kosoko, kuma sun sha wuya ƙwarai kafin su fitar da shi. Sai a rana ta biyu wata roka ta faɗa kan rumbun albarushin Kosoko ya tashi, wuta ta kama gari. Zuwa 28 ga wata Kosoko da mutanensa sun fice, suka yada zango a Epe. Turawa sun rasa mutum 15, wasu 75 suka jikkata. Yarabawa suna kiran wannan yaƙi Ogun Agidingbi, saboda rugugin igwa. Babban jarumin Kosoko kuwa, Oshodi Tapa, ɗan asalin ƙasar Nupe ne, abin da ma sunan Tapa ke nufi ke nan a bakin Yarabawa. Ashe ma da ɗan Arewa a cikin lamarin.

Dokokin wasan mu muka rubuta abinmu a bayan wani tsohon littafin lacca. Kowane zagaye yana matsayin rabin awa. Jirgi mai tururi yana tafiyar santimita 15 a zagaye guda, kwalekwale 10. Inda ruwa ba shi da zurfi alƙalin wasa ne kaɗai ya san wurin, yana da taswirarsa a ɓoye, kuma yakan nuna wa mai riƙe da Kosoko, tun da ɗan gari shi ya san gari. Idan jirgin Bature ya shiga wurin sai a jefa ɗan ludo, in ya nuna 1 ko 2 jirgi ya kafe, babu gaba babu baya har sai ruwa ya ciko. Kowane ɓangare yana rubuta umarninsa a takarda ya miƙa wa alƙali kafin a motsa komai, kuma abin da ka rubuta ba ya gogewa. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ta fi jawo rigima, ita ce kuma ta fi koyar da mu.

Abu na farko da teburin nan ya cire mini daga kai shi ne tunanin cewa cin ƙasarmu da Turawa suka yi abu ne da aka gama rubutawa tun kafin a fara. Haka littafi yake sa mutum ya ji. Layi ɗaya ne: a 1851 Ingila ta yi wa Legas luguden wuta. Shi ke nan, sai a wuce babi na gaba, kamar dai an ce damina ta sauka. Amma ranar da na zauna a kujerar kwamandan Turawa, na ga kwalin ashanata ya kafe tazarar ɗan yatsa uku daga igwogin abokin gaba, ga kuma takardar da na riga na miƙa tana cewa ƙananan jirage su ci gaba, sai da gumi ya keto mini a cikin sanyin hunturun Jos. A wasa bakwai na farko da muka yi, sau uku ɓangaren Kosoko yana korar Turawa. Wani zai ce ai dokokinku ne suka ba shi. To amma shi ma tarihin ya ba shi sau ɗaya a cikin biyu, kuma a karo na biyun ma da ƙyar aka sha. Ba ina nufin da rokar nan ta kauce da Ingila ta haƙura da Ikko ba. Mai jiragen da suka mamaye tekun duniya zai sake dawowa. Sai dai wanda ya taɓa riƙe igwogin nan, ko da na bututun biro ne, ba zai ƙara kallon kakanninmu a matsayin mutanen da suka tsaya baki buɗe aka ci su ba. Sun haƙa ramuka a bakin gaɓa, sun kafa turaku a cikin ruwa don tare jirage, sun san inda za su ajiye kowace igwa. Sun yi lissafi, kuma lissafin nasu ya kusa fita.

Masu cewa wasan yara ne, ina roƙonsu su ɗan saurara. A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsa a ƙasar Furusiya, wadda daga baya ta zama wani ɓangare na Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa shugaban hafsoshin ƙasar irin wannan wasa a kan taswira, kuma nan take aka ba da shawarar kowace runduna ta mallaki nata. Bayan Furusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwayo. A 1898 wani Bature ɗan Ingila, Fred Jane, ya fitar da dokokin wasan yaƙin ruwa da 'yan ƙananan jirage, shi ne kuma mutumin da ya kafa shahararren kundin nan na jiragen yaƙin duniya mai ɗauke da sunansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a birnin Libaful, 'yan mata ne ma'aikatan rundunar ruwa, wasunsu ba su kai shekarunmu ba, suke zana layuka da alli a daɓen ɗaki suna koya wa manyan kyaftin-kyaftin dabarun kauce wa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na Japan ne. A farkon watan Mayu na 1942 manyan hafsoshin ruwan Japan suka taru a cikin katafaren jirginsu Yamato don su gwada a kan tebur harin da suke shirin kai wa tsibirin Midway. Ana cikin wasa sai alƙali ya jefa ƙuri'a, ta nuna bama-baman Amurka tara sun sami jiragensu masu dakon jiragen sama, biyu sun nutse, Akagi da Kaga. Babban hafsan da ke shugabantar zaman, Matome Ugaki, bai ji daɗin wannan hukunci ba, sai ya soke shi ya mayar da taran uku. Kaga da ya rage a nutse ma, da aka shiga mataki na gaba sai ga shi ya dawo kan ruwa. Wata guda bayan haka, a yaƙin gaske, Japan ta yi asarar irin waɗannan jirage guda huɗu, har da waɗancan biyun. Tun da na karanta wannan labari, duk lokacin da wani a cikinmu ya fara roƙon alƙali a sake jefawa wai ɗan ludon ya faɗi a karkace, sai mu ce masa Ugaki. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, jama'a, wannan hali ba a teburin wasa ya tsaya ba. Wanda ya taɓa halartar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya san mutum nawa ne a cikinmu ke iya karɓar hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Wurin da saurayi zai koyi ya ga jirginsa ya nutse ya haɗiye, ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, ba wurin rainawa ba ne.

Maganar caca ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ba ma sa ko sisin kwabo. Ɗan ludon yana wakiltar abin da kwamanda ba shi da iko a kansa ne kawai, kamar iska da yashi da damshin albarushi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, muna da 'yan takardu shida a cikin hula, sai ya zara.

Suka mai nauyi daga gida ta zo mini. Wani hutu na kai kayan wasan gida, na baje su a tsakar ɗaki ina nuna wa ƙannena. Mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu kai yaƙi ne ya zama maka abin wasa?" Na ce, "Mama, ai tarihi ne, na shekara ɗari da saba'in." Ta ce, "Waɗanda suka mutu a cikinsa ba su da uwaye?" Ta juya ta tafi. Ban sami amsa ba a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gama samunta yau ba. An haife ni ne ba da daɗewa ba bayan rikicin watan Satumba na 2001. Na watan Nuwamba na 2008 kuwa ina tune da shi, da hayaƙin da ya rufe sama, da daren da muka kwana a ƙarƙashin gado, da kayan da muka ɗaura muka bar unguwar da aka haife ni ba mu sake komawa ba. Matar da ta goya ƙanina ta riƙe hannuna a wannan hanya tana da haƙƙin ta yi wannan tambaya. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa littafin dokokin wasan sojojin darma a 1913, a ciki yana fatan wasan zai nuna wa mutane wautar yaƙin gaske. Shekara guda bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Don haka ni ba zan ce wasa yana hana yaƙi ba.

Abin da zan iya cewa shi ne abin da na gani da idona. Dokarmu ce duk wanda ya riƙe Kosoko yau, mako mai zuwa shi zai riƙe Turawa. A teburin nan akwai Bayarabe, akwai Bahaushe ɗan Unguwar Rogo, akwai ɗan Birom, akwai ni Ba'angashe daga wajajen Pankshin, kuma a cikin garin nan namu wasunmu ba sa iya ziyartar juna a gida bayan magariba. Kowannenmu ya taso da labarin rikici iri ɗaya tak, wanda a cikinsa nasu ne aka zalunta. Ba a taɓa sa ɗayanmu ya zauna a ɗaya kujerar ya tambayi kansa: in da ni ne a can, da me zan gani, me zan ji tsoro, me zan yi? Wasan nan yana tilasta maka yin wannan tambayar kowane mako biyu, in ba haka ba a cinye ka. Motsa jiki ne na wata gaɓa da garinmu ya bari ta shanye.

Sannan akwai ranar da wata 'yar ajinmu ta zo kallo. Na ci wasa a ranar ina riƙe da Kosoko, ina ta kuri na kori 'yan mulkin mallaka. Sai ta leƙa teburin ta ce, "To ina bayin?" Ɗakin ya yi tsit. Mun yi igwa, mun yi shinge, har bishiyar kwakwa mun yi da tsinke, amma mun manta da mutanen da aka ce dominsu ake yaƙin. Kuma ba baƙi ba ne. Daga wannan tasha aka loda Samuel Ajayi Crowther yana yaro a 1822, kafin jirgin Ingila ya ƙwato shi. Ta irin waɗannan tashoshi ne aka kwashi Hausawa masu yawa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya bore a 1807 suka kuma tayar da wani a 1814. Mako na gaba ta dawo da ƙwayar dawa cikin leda, ta zuba a wani ɗan shinge a bayan gari, ta ce ga su nan. Muka ƙara doka: duk wasan da Kosoko ya ci, a kwashe dawar nan a zuba a jirgin Barazil. Tun daga ranar nasarar Kosoko ta daina yi mini zaƙi. Ta Turawan ma ba ta da shi, domin mun san ci gaban labarin. Akitoye ya sa hannu a yarjejeniyar hana cinikin bayi ranar 1 ga Janairu, 1852, amma ba a cika shekara goma ba, ranar 6 ga Agusta, 1861, aka sa ɗansa Dosunmu ya miƙa Ikko ɗungurungum ga Ingila. Daga wannan ƙofa aka shigo har aka iso Sakkwato a 1903, har aka hau tsaunin nan namu neman kuza. Babu kujerar da za ka zauna a teburin nan ka tashi da hannu mai tsabta. A lacca an sha gaya mini haka na rubuta na ci jarrabawa, amma ban ji shi a jikina ba sai da na kwashi dawar nan da yatsuna.

Duk da haka akwai iyaka, kuma a nan na bi bayan Mama. Wani ya taɓa kawo shawarar mu zana taswirar Jos mu yi wasan 2008. Na ce in aka yi haka na bar teburin har abada. Ciwon da bai warke ba ba a wasa da shi, kuma mutanen da za a mayar ƙwayar dawa suna nan da ransu, wasunsu a ajinmu suke.

Saura in faɗi dalilin da ya sa na kawo wannan magana cikin mujallar sashen Hausa. Da Hausa muke yin wasan, domin ita ce ta haɗa mu huɗun, duk da cewa mutum ɗaya ne a cikinmu ya sha ta a nono. Ni a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta, kuma har gobe abokaina Kanawa ba su daina yi mini tsiya ba idan na mayar da mace namiji. To da muka zo rubuta dokoki sai muka yi karo da bango. Muna da jirgi, da kwalekwale, da igwa, da albarushi, da gaɓa. Amma yaya ake kiran gefen dama da gefen hagu na jirgi? Cikowa da janyewar ruwan teku fa, kalma ɗaya ce ko sai an yi dogon bayani kamar yadda na yi yanzu? Wani ya ce ai Hausa harshen tudu ne, mu ari Turanci mu huta. Ban yarda ba. Ita kanta kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, daga baya aka ara wa na ƙasa da na sama. Akwai Sarkawa masu su a kogunan Kabi, akwai masu fito a Yawuri, akwai masu sarautar Sarkin Ruwa. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a kan Neja ba za su rasa sunan kowane katako na jirginsu da kowane irin yashi da ke ƙarƙashinsa ba. Mu ne ba mu je mun tambaya ba. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri a kan karin magana da waƙoƙin aure, maimaici a kan maimaici, alhali ga kalmomin ruwa can suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu girma, su duba wannan fage idan lokacin raba batutuwa ya zo. Ni dai na riga na kai nawa.

Yanzu haka gardamar da ke gabanmu ita ce ta wasa na gaba. Abokinmu mai tarihi yana son mu yi saukar sojojin tarayya a tsibirin Bonny a ƙarshen watan Yuli na 1967, inda jiragen yaƙin Nijeriya irin su NNS Nigeria da NNS Ogoja suka raka dakarun Benjamin Adekunle suka kama tashar man fetur. Ya ce shi ne yaƙin ruwa mafi muhimmanci da rundunarmu ta taɓa yi, har ya fara tara kwalayen ashana. Ɗan Birom ɗinmu ya goyi bayansa. Ni kuwa ƙanin kakana ya tafi wannan yaƙin basasa bai dawo ba, kuma ɗakin da ke kusa da namu akwai Ibo biyu da suke yawan leƙowa kallo. Shekara hamsin da ɗoriya ta isa ko ba ta isa ba? Mun yi ƙuri'a ta fito biyu da biyu. Mun bar wa mai dawa ta raba gardamar ranar Asabar, mun kuma ce ta fara jin ta bakin maƙwabtan namu kafin ta zo.